Ɗumame Ba Sabon Tuwo Ba Ne: Ƙorafin Ɗan Zamfara a Kan Finafinai Masu Dogon Zango

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Jihar Zamfara, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da man fetur, gari ya yi tsit. Ina ɗalibi a lokacin, ina zaune a gidan yayana a Gusau, tare da gwaggonmu wadda ta baro ƙauyensu na yankin Tsafe 'yan watanni kafin nan, da jikoki uku da ƙullin kaya ɗaya. Wanda ke son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya tsallake iyakar jiha. Duk da wannan ƙunci akwai abin da bai yanke ba. Direbobin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Zariya sukan dawo da sababbin fitowar finafinai masu dogon zango a cikin memori, masu tura fim a waya su karɓa, kafin magariba kowane gida ya samu rabonsa.

Wani dare muna kallon ɗaya daga cikinsu, an kai fitowa ta hamsin da wani abu. Jarumar tana zaune a kan kujerar alfarma tana kuka, saboda wanda take so ya juya mata baya. Gwaggo ta daɗe tana duban wayar, sannan ta ce da ni, “Ɗana, tun bara nike ganin yarinyag ga tana kuka bisa namiji guda. Mu da munka baro hatsi cikin rumbu mun share hawaye, ita har yau ba ta share ba?” Yara suka kwashe da dariya. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi wa fim ɗin nazarin da ni mai karatun adabi ban yi masa ba.

Tambayar da ke bayan maganarta ita ce jigon wannan maƙala. Shin labarin da aka daɗe ana jan sa zango bayan zango, ko tsohon fim da aka tono aka sake, zai iya ci gaba da magana da mutanen zamaninsa? Amsata ita ce zai iya, amma bisa sharaɗi ɗaya: lokaci ya riƙa wucewa a cikin labarin kamar yadda yake wucewa a kan masu kallonsa. Ina kuma da'awar cewa mafi yawan abin da ake miƙo mana a yau bai cika wannan sharaɗi ba. Ɗumame ne ake juye mana a sabon kwano.

Tsawo ba shi ne laifin ba

Kafin in ɗora laifi, bari in sauke shi daga kan wanda ba shi da shi. Akwai masu cewa duk labarin da ya wuce kashi na ɗaya ya lalace, ci gabansa kwaɗayin kuɗi ne kurum. Mai faɗin haka bai duba adabin Hausa da kyau ba. Babu jarumin da ya kai Gizo yawan fitowa. Shekaru aru-aru yana damfarar kura, yana jawo wa Ƙoƙi magana, kuma ba a taɓa jin yaron da ya ce ya gaji da shi ba. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1930, littafi uku ce, kowanne da dalilinsa. A na farko aku yana ba da labari ne don ya hana ɗan sarki fita ya faɗa hannun maƙiya. A na biyu gasa ce tsakaninsa da wani akun. A na uku ya zama uba, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Akun nan ɗaya ne, amma Imam ya bar shekaru sun hau kansa, matsayinsa ya sauya, saboda haka dalilin ba da labarin ma ya sauya.

Misalin da ya fi kusa da mu 'yan Zamfara yana cikin waƙar baka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya koya wa ɗaliban Hausa rarrabe gindin waƙa da ɗiyanta. Gindin waƙa shi ne abin da 'yan amshi ke komawa gare shi, ba ya motsi. Ɗiya kuwa su ne abin da makaɗi ke ɗorawa, yana ƙari yana ragi gwargwadon wuri da lokaci. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi zaman fadar 'Yandoton Tsafe, yakan rera waƙa a bana ya sake ta baɗi, mai sauraro ya gane ta tun daga bugun kotso na farko, amma ya tarar an shigar da wanda ya yi kyautar doki kwanan nan, an kuma yi wa wanda ya ci amana zambo. Bakandamiyar Mamman Shata ma ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma rerawar ba ta zo iri ɗaya ba. Gindin waƙar da mutum ya sani shi ke kawo shi wurin kiɗa, ɗiyan da bai taɓa ji ba su ke zaunar da shi har asuba.

Wannan shi ne ma'aunin da zan riƙe a sauran maganata. Dogon labari yana buƙatar abin da ba ya sauyawa, wato hali da murya da tambayar da aka san shi da ita. Yana kuma buƙatar ɗiya sababbi waɗanda aka ɗebo daga abin da mutane ke ciki a ranar.

Waɗanda suka nuna ana iyawa

Masana'antar finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, ta taɓa haifar da wanda ya fahimci wannan sirri ba tare da ya karanta shi a littafi ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya shafe shekaru yana fitowa da hali guda: talaka mai baki, mai wayon da ke ƙarewa a kansa, matsoraci mai cika baki. Wannan shi ne gindin waƙarsa. Ɗiyan kuwa daga bakin kasuwa yake ɗebo su. Da duniya ta ɗauki zancen Usama bin Laden sai ga Ibro Usama. Da aka shiga yaƙin Iraƙi sai ga Ibro Saddam. Da kiɗan Awilo ya cika gari sai ga Ibro Awilo. A 2008 har gidan yari ya shiga a Kano a kan Ibro Aloko. Ana iya kushe finafinan nan ta fuskar tsari da ɗaukar hoto, kuma da yawansu sun cancanci kushen. Abin da ba a iya cewa shi ne ba su san shekarar da aka yi su ba. Wanda ya jera su a yau zai karanta tarihin abin da ya dami talakan Arewa da abin da ya ba shi dariya, shekara bayan shekara.

Misali na biyu shi ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Ƙirƙirarren gari ne, amma masu rubuta shi sun bar ƙofarsa a buɗe, abin da ke faruwa a waje yana shigowa. An ga almajirai a gaban Malam Nata'ala, an ga talaucin gidan Kamaye da Adama, an ga shaye-shayen matasa, an ga 'yan gudun hijira da saurayin da masu tsattsauran ra'ayi suka ja. Yaran da aka fara da su sun girma a gaban idonmu. Akwai abin kunya a nan wanda ya kamata a faɗa: tashar da ta fara duban wannan ciwo namu da idon basira, da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa ta a 2014, ta hannun ƙungiyar Equal Access. Sai da baƙo ya biya kafin mai ɗaki ya nuna inda yake masa yoyo.

Kwana Casa'in ma, wanda ya fara a 2019, shekarar babban zaɓe, ya kama zukata ne domin kowa ya gane Alfawa, ya gane Gwamna Bawa Maikada, ya taɓa ganin irinsa a garinsu. Kwana casa'in ɗin sun zama shekaru, kuma a ganina ƙarfinsa yana hawa yana sauka gwargwadon kusancinsa da siyasar da muke gani da idonmu.

Yadda tuwo ke zama ɗumame

To, me ya sa sauran suka kasa? Tilas a fara da kasuwa, domin ba a yi wa mai sana'a adalci in an manta da cikinsa. A zamanin kaset da faifai, mai shirya fim yakan yanka labarinsa biyu ko huɗu, ya rufe da alkawarin haɗuwa a kashi na gaba, kamar yadda marubutan littattafan soyayya ke yi. Amma ko ya ja, ƙarshe yana nan tafe, domin dilan Ƙofar Wambai ba zai karɓi kashi na ashirin ba. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe kasuwar faifai. Da aka shiga kullen korona a 2020, masana'antar ta koma YouTube da talabijin gaba ɗaya. A shekarar ne Izzar So da Labarina suka fito suka zama zancen gari. Sabuwar kasuwar da talla take biya, talla kuwa tana bin yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka zauna, kuma tana son a saki sabon abu duk mako. Ƙarshen labari ya zama ƙarshen albashin mutum hamsin. Marubucin da a da yake rubutu yana duban inda zai sauka, yanzu yana rubutu ne yana duban mako mai zuwa.

Alamomin wannan ciwo kowa ya san su. Mota ta tsaya a ƙofar gida, a jira mai gadi ya buɗe, a bi ta har ta tsaya, a bi mai ita har falo. Gaisuwa ta ci minti uku. A tuno mana abin da muka gani makon jiya, cikakke, da kiɗan tausayi. Sirrin da magana ɗaya za ta warware a riƙe shi fitowa ashirin, domin duk lokacin da za a faɗe shi sai waya ta yi ƙara. In labari ya ƙare ƙarƙaf, a kawo ciwon mantuwa, ko a dawo da wanda aka yi wa sadakar bakwai, ko a shigo da sabuwar kishiya.

Duba da kyau za ka ga an juya dabarar makaɗa ne a baibai. Abin da ya kamata ya tsaya shi ke sauyawa: jaruma ta yi aure ko ta saɓa da mai shiri, a sa wata a matsayinta, halin ya bi sabuwar fuska. Abin da ya kamata ya sauya kuwa shi ya kafe: gadon Alhaji, kujerar kamfani, 'yar mai kuɗi da ɗan talaka, uwar miji da boka. Farashin buhun masara ya ninka a gidajen masu kallo, amma ba a taɓa jin an rage cefane a gidan jarumi ba. An cire tallafin mai a 2023, motocinsu ba su ji ba. Mutanen nan suna zaune a wata Kano wadda kalanda ba ta aiki a cikinta.

Ina yaba wa Aminu Saira a kan abu ɗaya. Bayan Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, an ci gaba da Sumayya da wata fuskar, amma daga baya ya rufe wannan babi, ya buɗe sabon labari da sababbin mutane a ƙarƙashin sunan. Ko mutum ya so sabon ko bai so ba, wannan shaida ce cewa ana iya binne labari, masana'anta ba ta mutu ba.

Wata ɗaya, abu uku

In koma ga Satumbar 2021. A ranar farko ta watan aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandare ta Kaya a Ƙaramar Hukumar Maradun, wata shida kacal bayan 'yan matan Jangebe. A tsakiyarsa aka sace Sarkin Bunguɗu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kimanin wata guda a hannunsu. Ni ɗan Bunguɗu ne, na san yadda gari ke zama in an ɗauke ubansa kuma babu wayar da za a tambayi labari. A cikin watan nan dai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar da hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinai. Mu an rufe mana baki, su an rufe musu ido, a wata guda.

Ba Satumbar ce farko ba, ba kuma ita ce ƙarshe ba. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Satumbar 2023 aka shiga Sabon Gida, daf da Jami'ar Tarayya ta Gusau, aka tafi da ɗalibai mata. Hanyar Tsafe, wadda iyayenmu ke bi da dare ba fargaba, ta zama wadda ake shiga da addu'a. Duk wannan ya faru a kan mutanen da ke magana da harshen finafinan nan, suke sayen data da kuɗin da ba su da shi don su kalle su. A cikin dogayen shirye-shiryen da na bi, ƙalilan ne ƙwarai suka nuna alamar sun san an yi. Labarin da ya yi shekara huɗu yana tafiya tare da jama'a, bai taɓa waiwayowa ya yi musu jaje ba, ta yaya zai ce shi nasu ne?

Hujjoji uku da amsarsu

Na san abin da za a ce, domin na sha ji.

Za a ce miliyoyi suna kallo, kuma yawan masu kallo shi ne shaida. Yawan masu kallo shaida ne na sabo, Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Gwaggona ba ta fasa kallon fim ɗin nan ba bayan ta yi maganarta. Ta riga ta zuba masa dare hamsin, tana son ta ga inda za a kwana. Ma'aunin gaskiya daban ne. Shin akwai kalmar da ta fito daga fim ɗin ta shiga bakin mutane? Shin an yi gardama a kansa a majalisa, gardamar da ta wuce wa zai auri wa? Shin bayan shekara goma wani zai nemo shi don ya gane yadda muka rayu? Kowa yana cin ɗumame da safe, ya kuma gode Allah, amma ba a kai shi gaban baƙo a ce ga abin da gidan nan ya iya.

Za a ce mutane sun gaji da labarin bindiga, hutu suke nema. Wannan hujja tana da nauyi, ba na raina ta. Wanda ya kwana yana sauraren ƙarar babura yana da haƙƙin ya yi dariya. Sai dai hutu iri biyu ne. Akwai na wanda ya zauna da kai, ya san halin da kake ciki, ya ba ka dariya a kansa har nauyin ya ragu. Irin wannan Ibro ya iya. Akwai kuma na wanda ya zo gidan makoki yana ba da labarin sabuwar motarsa. Gidan Badamasi ban dariya ne tsantsa, amma dariyarsa daga abin da kowa ya sani take: tsoho mai dukiya, 'ya'ya rututu, kowa ido a kan aljihunsa. Ban nemi a mayar da kowane fim zaman makoki ba. Na nemi kada ya zama kurma.

Za a ce hukuma ta hana. Haƙiƙa ta hana, kuma ina ganin hanin kuskure ne, domin rufe madubi ba ya warkar da ƙurji. Amma abin da aka hana shi ne nuna aikin, kuma aikin shi ne mafi ƙarancin abin da ke cikin labarin. Ba a hana nuna matar da ke zaune da waya a hannu kwana arba'in tana jiran kira ba. Ba a hana nuna 'yan'uwa suna gardamar wace gona za a sayar ba, ko limamin da ake karɓa-karɓa a masallacinsa, ko yarinyar da ta dawo gida aka rasa mai neman aurenta, ko dattijon da ya ciyar da ƙauye da hatsinsa yau yana gadin shago a Tudun Wada. Babu bindiga ko ɗaya a cikin waɗannan, kuma kowannensu zai ɗauki zango uku bai gaji ba. Marubucin da ya ce doka ta ɗaure shi ya tuna makaɗan fada: a gaban sarki suke faɗin abin da ba a faɗi, da habaici.

Ga masu kukan jiya

Akwai wani ɓangare da nake jayayya da shi, wato yayyenmu masu cewa fim ya ƙare tun zamanin Sangaya da Wasila, a dawo musu da irin na da. An haife ni a 1999, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kusan sa'an Sangaya ne ni. Ban taɓa shiga silima a garin nan ba, an rufe su tun ina goye. A faifai na ga finafinan da ake wa kuka, kuma na gan su da idon wanda ba ya bin su bashin ƙuruciya. Suna da daɗi, suna da waƙoƙin da suka zauna. Amma a zamaninsu dattawa sun zarge su da kwaikwayon Indiya da ɓata tarbiyya, da kalmomin da yayyenmu ke jifan na yau da su.

Da aka sake Mujadala a 2018 da sababbin matasa, na ji manya suna cewa bai kai na farko ba. Ina zai kai? Wanda ya je kallonsa yana neman marigayi Ahmad S. Nuhu ne, yana kuma neman kansa yana ɗan shekara goma sha takwas, a ɗakin abokinsa, an haɗa kuɗin hayar kaset. Babu daraktan da zai iya mayar masa da waɗannan. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sake tsohon fim yana da amfani ne kawai in an tambaye shi sabuwar tambaya: masoyan nan na shekarar 2000, da a yau suke, da waya a hannu, da digiri ba aiki, da lefen da ya fi ƙarfin albashin shekara, me zai faru da su? In ba a yi wannan ba, an ɗauko hoton mamaci ne an shafa masa hoda.

Abin ba a kanmu kaɗai yake ba. Fast & Furious ya fara a 2001 da 'yan tseren mota a titi; da dabara ta ƙare, a kashi na tara sai da aka harba mota sararin samaniya. Wannan shi ne ciwon mantuwa da sabuwar kishiya irin na masu kuɗi. A ɗaya gefen, Rocky na 1976 ya sake rayuwa a 2015 da Creed, domin an bar ɗan damben ya tsufa, ya rasa matarsa, ya kamu da ciwo, ya koma mai koyar da ɗan abokin karawarsa. Hanyar da Imam ya bi da akunsa ke nan. James Bond, wanda aka fara a 1962, sai da masu shi suka yarda ya mutu a fim na 25 a 2021. Su ma sun gane cewa jarumin da ba abin da ke iya samunsa, ba abin da zai iya gaya wa wanda komai ke samu.

Kammalawa

Abin da nake nema ga masu shirya finafinai bai fi ƙarfinsu ba. Su san ƙarshen labari kafin su ɗauki fitowa ta farko. Su bar jarumansu su tsufa, su yi asarar da ba ta dawowa. Kafin kowane sabon zango su tambayi kansu abin da ya sami masu kallo tun zangon baya, su buɗe masa ƙofa ko da ta habaici ce. In suka duba suka ga ba su da sabon ɗa da za su ɗora a kan gindin waƙar, su ajiye kiɗan da mutuncinsu, su ɗauko wani. Su kuma tuna abin da ya ci Doma ba ya barin Awe; labarin da suke ganin na Zamfara ne ya riga ya isa Katsina da Kaduna da Sakkwato.

Mu ma muna da namu kason na laifi. Mu da muka yi karatun adabi a Gusau, muka iya rarrabe jigo da salo, labari nawa muka rubuta muka miƙa? Ƙasar da ta haifi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ƙasar da 'Yandoto ta yi zamaninta na ilimi a cikinta, ba ta da hujjar zama tana jiran Kano ta ba da labarinta. Wayar da muke kallo da ita tana ɗaukar hoto.

Gwaggo tana nan a Gusau har yau, ba ta koma ba. Kwanakin baya wuta ta ɗauke, wayoyi suka mutu, jikokinta suka matsa mata sai ta yi musu tatsuniya. Ina daga zaure ina ji. Gizo ne, kamar kullum, da gonarsa ta gero. Amma a wannan karon geron ya nuna, kura ta aiko cewa ba mai girbi sai ya biya ta kuɗi, Gizo kuwa ba shi da ko anini, ya zauna shi da Ƙoƙi suna ƙulla yadda za su kwashe amfanin da dare. Ban taɓa jin wannan tatsuniya ba, kuma na tabbata ita ma ba ta gaje ta ba. Yaran nan, waɗanda suka san abin da ya raba su da ƙauyensu, ba wanda ya motsa. Da Gizo ya zamba ci kura suka yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Da ta rufe da ƙurunƙus, ƙaramin cikinsu ya ce, “Inna, gobe ma Gizo za ki yi muna?” Ta ce in Allah ya kai mu, amma ba wagga ba, wata.